GYARA KAYANKA: Ruwa Tukuna, Sa'an Nan Wuta

Barkanmu da dawowa daga dogon hutu. Waɗanda suka je Garwa da Marwa da Ngaundere ganin gida muna yi musu barka da hanya. Waɗanda kuma suka tsare mana unguwa, sannunku da zama.

A fitowar da ta wuce mun yi alkawarin yin magana a kan littattafan yara da kayan makaranta. To, a yi mana haƙuri, domin wani abu ya same mu ranar da muka dawo, muka ga gara mu faɗe shi tun da zafinsa, ko wani ya tsira daga irin asarar da muka yi.

Mun kulle gida tun ƙarshen watan Yuni, muka tafi Garwa da iyali. A farkon Satumba muka juyo, mota ta kawo mu Ngaundere, muka kwana cikin jirgin ƙasa, gari ya waye mana a Yawunde ana tsuga ruwan sama. Tare da mu akwai Inna, mahaifiyarmu, wadda muka taho da ita ganin likita. Wanda ya saba da zafin Garwa, in ya sauka a garin nan mai tudun kusan mita 750, daidai lokacin da manyan ruwan Satumba suka kankama, ba sai an gaya masa ya nemi mayafi ba. Muna shiga gida Inna ta ce, "Ɗan nan, ruwan garinku kamar an ɗebo shi daga randar ƙanƙara. A ɗora mini na wanka." Mu kuwa da ƙafafa irin ta mai abin zamani, muka ce, "Inna, ai ba sai an hura gawayi ba." Muka shiga banɗaki muka danna makunnin tankin ɗumama ruwan nan da ke rataye a bango, wanda masu gyara ke kira shofo, wasu kuma su ce hita. Ɗan jan ƙwan ya kama, muka fito muna murmushi.

Bayan sa'a guda uwargida ta leƙo ta ce, "Malam, anya abin nan naka yana aiki kuwa? Famfon sai huci yake yi kamar kububuwa, ga kuma wani ƙauri." Muka je muka tarar ƙwan ya mutu, wutar gidan gaba ɗaya ta ɗauke. A ƙarshe dai gawayin da muka raina shi ya fitar da mu kunya.

Washegari muka kira mai gyara. Sai ga wani saurayi da jakar kayan aiki, ya durƙusa ya gaishe mu, ashe yaron da muka koyar ne a aji shida shekarun baya, wanda muka sha fama da shi a kan lissafin raba-da. Ya kwance murfin ƙasa, ya zaro wani lanƙwasasshen ƙarfe da ya yi baƙi ya tsage, ya ce, "Malam, ka gafarce ni, amma ba lalacewa ya yi ba, kai ka kashe shi. Tankin babu ko ɗigon ruwa ka ba shi wuta." Kuɗin cefanen kusan mako guda suka tafi a nan. Abin da za mu rubuta a ƙasa rabinsa daga bakin wannan yaro ne, rabi kuma daga ɗan abin da muka sani na kimiyya. Ranar dai malami ne ya zauna a benci.

Ƙarfen nan da ya ƙone shi ne zuciyar na'urar. A kantunan kasuwar Mokolo rezistans za ku ce a ba ku. An yi shi ne don ya zauna tsundum cikin ruwa, ruwan yana kwashe zafinsa. In babu ruwa zafin ba shi da wurin zuwa, sai ya ci kansa, ba ya kuma ɗaukar lokaci mai tsawo. To, ina ruwan tankinmu ya tafi, alhali cike muka bar shi? Ga yadda yaron ya warware mana. A bakin bututun ruwan sanyi akwai wani ɗan makulli da ke barin ruwa ya shiga amma ya hana shi komawa. Idan yashi ko tsatsa ya maƙale a ciki, ba ya rufuwa sosai. Ran da aka ɗauke ruwan famfo, in akwai kan famfon ruwan zafi da aka bari a buɗe ko yake yoyo, iska sai ta bi ta nan ta shiga tanki, ruwan kuma ya sulale ya koma ta inda ya fito. Namu mun bar shi a ɗan buɗe garin saurin kama mota. Yaron da ke kwana a zaure kuma ya ga ruwa na ɗiga, ya je ya rufe babban makullin gida, ya kuwa kyauta. Tanki ya zauna wayam wata biyu.

Da muka ba ƙanen uwargida labari ta waya, shi da ke zaune a Kanada, sai ya fashe da dariya. Ya ce ai wannan ita ce asarar da masu motar kwana ke yi a can kowace shekara. Watau motocin nan masu gado da murhu da wurin wanka a ciki, da ake tafiya yawon hutu da su. Kafin hunturu dole su tsiyaye ruwan tankin kaf, domin ruwa in ya daskare yana kumbura da kusan kashi 9 cikin 100, ya fasa tanki da bututu. Sai su murɗa wani makulli da ke sa ruwa ya kewaye tankin, su ajiye mota wata biyar ko shida. In sanyi ya wuce, mai gaggawa ya manta da makullin nan, ya ga ruwa na zuwa a famfo, ya ɗauka tanki ya cika, ya kunna wuta. Mu ba mu da ƙanƙara a Briqueterie. Namu hunturun shi ne dogon hutu, da tafiya aikin Hajji, da watannin zafi na Fabrairu da Maris da ba mai waiwayar ruwan ɗumi. Amma cutar iri ɗaya ce: abin da aka daɗe ba a taɓa ba, ba yadda aka bar shi ake tarar da shi ba.

Saboda haka in kun dawo daga tafiya, kada hannunku ya fara zuwa ga makunni. Ku fara tabbatarwa an kawo ruwa, ku buɗe makullin da ke shigar da shi tanki, sa'an nan ku buɗe famfon ruwan zafi, mai jan alama. Zai yi ta tari yana tofar da iska. Ku ƙyale shi. Ruwan zafi daga can saman tanki yake fita, don haka ba zai zubo sumul ba sai tankin ya cika maƙil. In kun ga ya miƙe yana zuba ba yankewa, ku bar shi ya ƙara minti biyar ko fiye, har jan nan na laka da ruwanmu kan zo da shi bayan an ɗauke ya washe. A wannan lokaci kada a shiga da sigari ko kyandir ko fitilar ƙwai. Dalili kuwa, tankin da ya yi mako biyu ko fiye ba a taɓa shi ba yakan tara wata iska mai kamawa da wuta, haidurojin, ita ce wani lokaci ke fara fitowa da hucin nan. Masu ƙera na'urar da kansu suna rubuta wannan gargaɗi a takardar da ke zuwa cikin kwali, takardar da yawancinmu kan ba yara su yi jirgi da ita.

Wani zai ji ruwan na warin ruɓaɓɓen ƙwai, ya ce ɓera ya mutu a tanki, ko ma ya fara zargin maƙwabta. Ba ko ɗaya. A cikin tankin akwai wata sanda ta ƙarfen magniziyam da ake kira anod, aikinta ta lalace a madadin tankin, tsatsa ta cinye ta ta ƙyale bangon. In ruwa ya daɗe a kwance, wasu ƙwayoyin halitta kan haɗu da abin da sandar ke fitarwa su haifar da wannan wari. A zubar da ruwan, a sake cikawa, a dafa shi sosai, yawanci yakan tafi. Ita sandar kuwa a sa mai gyara ya dube ta duk bayan shekara biyu. In ta ƙare ba a sauya ba, tsatsa ta juya kan tankin, shi kuwa in ya huje sai dai sabo.

Akwai abin da ya fi warin haɗari, shi kuma ba ya wari. A shekarar 1976 a birnin Filadelfiya na Amurka, tsofaffin sojoji suka yi taro a wani otal, bayan sun watse da yawansu suka kwanta da ciwon huhu mai tsanani, wasu suka mutu. Da aka bincika aka gano wata ƙwayar cuta da ke zama cikin ruwa, aka sa mata suna Lejiyonela. Tana yaɗuwa a ruwan da ke kwance mai ɗumi-ɗumi, tsakanin digiri 25 da 45, watau daidai yanayin tankin da aka bari a banɗaki a ƙasa irin tamu. Ba ta hanyar sha take kama mutum ba, sai ta shaƙar feshin ruwan, kamar na shawa. Ta fi kuma kayar da tsofaffi da masu shan taba da marasa lafiya. Da muka tuna wa muka so a fara yi wa wanka da ruwan nan, sai muka ga ƙonewar ƙarfen ma wata rahama ce. Maganin ba wuya: a zubar da tsohon ruwa, a kwance kan shawa a wanke, a sa ma'aunin zafi a kan digiri 60, a bar tankin ya kai can kafin kowa ya yi wanka. Masu rage shi zuwa 40 don tsimin kuɗin wuta, ba tsimi suke yi ba. Sai dai a kula, ruwa mai digiri 60 yana saluɓe fatar yaro cikin 'yan daƙiƙoƙi. A fara zuba na sanyi a bokiti, sa'an nan a surka.

To, tanki ya cika, an kunna, ruwa bai yi zafi ba. Kafin ku aika a kira mai gyara, ku ba shi lokaci, domin mun ga masu yanke wa na'ura hukunci bayan minti goma. Bari mu yi ɗan lissafi, ai ba a raba malami da allo. Tanki mai lita 50 da ƙarfe mai wat 1500 yana bukatar wajen sa'a ɗaya da rabi kafin ya ɗaga ruwa daga digiri 22 zuwa 60, zai kuma ci wuta kilowat biyu da ɗan ɗoriya a kwanta. Wannan in wutar ta cika bolt 220 ke nan. Da magariba, lokacin da kowane tela a unguwar nan ya kunna dutsen guga, ƙwan ɗaki ya koma ja kamar garwashi, in wutar ta sauka zuwa 180 ƙarfin ƙarfen yakan ragu da kashi ɗaya cikin uku, sa'a ɗaya da rabi ta zama biyu da wani abu. Wannan ba lalacewa ba ce.

In an yi sa'a uku ruwa na nan da sanyinsa, a duba makatsin wuta na gida, dijonkta, ko ya faɗi. In lafiya yake, to sai a kashe shi tukuna, mun ce a kashe shi, ba makunnin banɗaki kaɗai ba, kafin a kwance murfin ƙasan tankin. A jikin ma'aunin zafi akwai ɗan maɓalli, sau da yawa ja, wanda ke yanke wuta in zafi ya wuce kima. A danna shi sau ɗaya. In ya sake faɗuwa, yana gaya muku akwai matsala ne, kada a yi ta danna shi kamar ana roƙonsa. Mai na'urar awo zai iya gwada ƙarfen da kansa: 220 sau 220, a raba da 1500, ya ba da wajen om 32. In awo ya nuna kusa da haka ƙarfe na da rai. In allura ba ta motsa ba, ya mutu. Yaron namu a gabanmu ya yi wannan lissafi da ka, muka ce a ranmu ashe bulalar ba ta tafi a banza ba. Wanda bai saba da waya ba kuwa ya tsaya a nan, ya kira masu abin.

Abubuwa biyu ne ba mu yarda a yi musu haƙuri ko na kwana ɗaya ba. Na farko, in mutum ya taɓa famfo ya ji wani ɗan tsam-tsam a yatsa. Mutanenmu kan ce ai ɗan kaɗan ne, su naɗe famfon da tsumma su ci gaba. Wannan ɗan kaɗan ɗin wuta ce ke tsiyaya daga ƙarfen da ya tsage zuwa cikin ruwa, ranar da ta sami mutum jiƙe, ba takalmi, a kan siminti, ba za ta yi masa kaɗan ba. Gidaje da yawa na unguwar nan an ja musu waya biyu ne kawai, babu ta uku mai kai wuta ƙasa. Duk mai wannan na'ura ya kamata ya sa a kafa masa wayar ƙasa, da makatsi mai saurin ji na miliamfiya 30, mai ɗan maɓallin gwaji a jiki. In gidan haya ne, a zauna da mai gida a yi maganar wa zai biya, ko a cire daga kuɗin wata. In ya ƙi, a kashe tankin a koma tukunya.

Na biyu, ɗigon ruwan nan da ke fita ta ƙasan tanki lokacin da yake dafuwa. Ruwa in ya yi zafi yana ƙaruwa, a tanki mai lita 50 abin da ya kusa lita guda, dole ya sami mafita. Makullin kariya da ke bakin bututun sanyi shi ke buɗewa in matsi ya yi yawa. Mun taɓa shiga wani gida muka ga an toshe bakinsa da ƙusa da roba, mai gidan yana alfahari ya hana ɓarnar ruwa. Ran da ma'aunin zafi ya ƙi yanke wuta, wannan tanki ba shi da ta inda zai numfasa, zai kuma iya tashi da bango. A sa masa gwangwani ko tiyo, a bar shi ya ɗiga. Bayan doguwar tafiya a ɗaga ɗan hannunsa a ga ruwa ya fito, a sake shi a ga ya tsaya. In ya ƙi ɗagawa ko ya ƙi tsayawa, a sauya shi.

Masu na gas, wanda ke ɗumama ruwa nan take ba tanki, nasu ya fi sauƙi ta wani gefe. In ya ƙi kamawa, sau da yawa batir ne ya mutu ko ya zubar da ruwa a gidansa, ko kuwa yashi ya toshe 'yar rariyar da ke bakin shigar ruwa, domin ba ya tashi sai ruwa na da ƙarfi. A nan ma ƙanen uwargida ya ce mu da su ɗaya ne: a can gizo-gizo da ƙwari ke shiga bututun murhun motar su yi gida, a nan kuwa zanzaro ne, wata biyu sun ishe shi ya gina bene a mafitar hayaƙi. A leƙa da tocila a share. In an kunna, harshen wutar ya zama shuɗi. In ya yi rawaya yana baƙanta ƙarfe, a kashe, domin gas ɗin da bai ƙone sosai ba yana fitar da iskar da ba ta da launi ba ta da wari, wadda ke fara wa mutum da ciwon kai da jiri, ta kwantar da shi a inda yake tsaye. Don haka ba a rataye irin wannan a banɗakin da ba taga. Wannan iskar ce kuma gawayi ke fitarwa, masu shigar da murhu ɗaki su rufe ƙofa saboda sanyin damina su ji da kyau. Tiyon gas yana da shekarar ƙarewa a rubuce a jikinsa, a karanta. In ana zargin yoyo a shafa ruwan sabulu a ga ko zai yi kumfa. Ba a gwada gas da ashana.

Mun san da yawa daga masu karatu za su ce, Malam, mu ina muka ga tanki a bango? Gaskiya ne, yawancin gidajenmu ɗan ƙarfen nan ne da ake tsomawa a bokiti. Shi ma dokarsa ɗaya ce. A duba wayarsa tun daga kai har gindi, domin ɓera bai tafi hutu ba. A tsoma shi cikin ruwa kafin a soka a bango, a zare daga bango kafin a fitar da shi, kada kuma a sa hannu a ji ko ya yi zafi yana kunne, a kuma kawar da yara daga wurin. Wanda samari ke haɗawa da reza biyu ko cokula da guntuwar waya kuwa, wannan duk uban da ya gan shi a ɗakin ɗansa ya karya ya jefa a shara, in ya so a yi fushi.

Kafin yaron ya tafi ya roƙi alƙalaminmu, ya yagi takarda daga littafin darasi, ya rubuta da manyan baƙaƙe RUWA TUKUNA, ya manna a kan makunnin. Ya ce in za mu sake tafiya mu kashe tankin daga dijonkta, mu rufe makullin ruwa, mu zagaya mu ɗaure kowane famfo, masu gas kuma su rufe tukunya su cire batir. Muka ce mun ji. Takardar tana nan har yau, uwargida ta hana a cire. Inna kuwa ta ce ita dai a ci gaba da ɗora mata a tukunya, ta fi yarda da abin da take ganin wutarsa.

Maganar littattafan yara sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu. Mai tambaya ko gyara ya aiko ta hannun edita kamar yadda aka saba.